Tamanrasset a Lokacin Hutu: Garin da ke Koyar da Awo



Matafiyin da ya taso daga Agadas ya nufi arewa, ya ratsa Arlit da Asamaka, ya ƙetare iyaka zuwa In Gezzam, yana da sauran tafiyar kimanin kilomita 400 kafin ya hangi duwatsun Ahaggar, baƙaƙe da jajaye, tsaitsaye kamar rumbunan da aka jera a bayan gari. A gindinsu Tamanrasset take, garin da mutanenmu kan taƙaita sunansa su ce Tam. Daga nan zuwa Alje, babban birnin Aljeriya, tafiyar kusan kilomita 2,000 ce, saboda haka mazaunin Tam ya fi kusa da Agadas a kan babban birnin ƙasar da yake zaune cikinta. Wannan kusanci ne ya sa Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan kasuwar garin, tana gogayya da Larabci da Tamahak, harshen Abzinawan Ahaggar. Duk wanda ya zaga unguwannin Sersuf da Tahaggart da Gat el Wad zai ji bakin Damagaram da na Tawa da na Maraɗi, har da na Kano da Katsina.

A shekarar 1905, lokacin da malamin Kirista ɗan Faransa Charles de Foucauld ya sauka a wurin, bai tarar da abin da ya wuce bukkoki kamar ashirin na manoman bakin kwari ba. Daga baya Faransawa suka kafa bariki, suka raɗa masa suna Fort Laperrine. Bayan 'yancin kan Aljeriya a 1962 sunan asali ya dawo, a 1974 kuma garin ya zama hedikwatar wilaya. Ƙidayar 2008 ta sami mutane sama da 90,000 a cikinsa, kuma tun daga lokacin unguwanni ba su daina miƙewa ba.

Garin yana bisa tudu, kusan mita 1,400 sama da teku. Ruwan saman da yake samu cikin shekara guda kimanin milimita 50 ne, abin da Kano kan samu a dare ɗaya na watan Agusta. A irin wannan ƙasa komai da awo ake yin sa. Makiyayi ya san kwana nawa salkarsa za ta kai shi, ya san zango nawa ke tsakaninsa da rijiya ta gaba, ba ya kuma barin murna ko gaggawa su mantar da shi lissafi. Mu kuwa da muka fito daga ƙasar gero da damina, mukan riƙe wannan awo a ranakun aiki, sai hutu ya zo mu sake shi gaba ɗaya. Alhali hutu bai cika sunansa ba sai mutum ya fita daga cikinsa da lafiyar da ya shiga da ita, ko ma fiye.

Sallah tana yawo

Hutun gidajenmu iri biyu ne. Akwai na makaranta: na ƙarshen Disamba, da na watan Maris, da dogon hutun da kan kai Satumba. Akwai kuma na Sallah, wanda tun 2023 dokar Aljeriya ta mayar da shi kwana uku ga Ƙarama, kwana uku ga Babba. Hutun makaranta yana nan daram a inda yake, amma Sallah tana yawo. Kowace shekara takan matso da kwana goma ko sha ɗaya, ta zagaye rani da hunturu cikin shekara 33.

A 2006 an yi Babbar Sallah sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba, duka cikin tsananin sanyi. Magidantan da suka koyi layya a waɗannan shekaru sun saba rataye rago ya kwana a tsakar gida, da safe a same shi lafiya lau. A 2024 da 2025 kuwa cikin watan Yuni aka yi ta, lokacin da zafin rana a Tam kan kai digiri 35. Azumi da Ƙaramar Sallah su kuma sun kama hanyar hunturu, ta yadda bisa lissafi a 2030 azumi zai kama sau biyu, a Janairu da ƙarshen Disamba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Al'adar da ta yi daidai da Sallar sanyi tana iya cutarwa a Sallar zafi, kuma wajibi ne kowane gida ya duba wane yanayi bikinsa ya faɗo ciki kafin ya ce haka muka saba.

Ruwan da ke hawa dutse

Ruwan da ke zuba a famfunan Tam daga In Salah yake tasowa, ta cikin bututu mai tsawon kilomita 750 da aka ƙaddamar a watan Afrilu 2011. In Salah tana ƙasa, Tam tana sama, don haka sai da aka kafa tashoshin injuna a kan hanya suna tura ruwan yana hawa. Waɗanda suka riga wannan shekara zama a garin suna tuna zamanin motocin tanki da jerin jarkoki a bakin ƙofa. Idan gwamnati ta ɗauki wannan ɗawainiya don ta kawo ruwa gari, abin kunya ne a ce mu mun kasa kai shi daga randa zuwa baki.

Iskar Tam busasshiya ce ƙwarai. Gumi kan bushe kafin ya jiƙa riga, sai mutum ya zaci bai yi asarar komai ba, alhali jikinsa yana ta zubar da ruwa ta fata da numfashi. Ranar Sallah kuwa ranar yawo ce: daga filin idi zuwa gidan dattawa, daga nan zuwa gaisuwar surukai da makwabta, ko'ina a miƙo shayi da lemun kwalba, ruwa kuwa sai wanda ya roƙa. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne launin fitsari. In ya yi fari-fari, jiki ya ƙoshi. In ya yi duhu kamar shayi, jiki yana kuka. Ciwon kai da jiri da kasala da yamma sau da yawa ba su da wani dalili sai wannan. Tsofaffi da ƙananan yara sun fi shiga hatsari, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, yaro kuma wasa ya ɗauke masa hankali.

Shayin nan na kofi uku da muka gada daga Abzinawa abin zumunci ne, ba mu ce a bar shi ba. Amma mu san abin da ke cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da wajen giram 35. A haɗa shi da zaman shayi biyu da zalabiya da makrut ɗin da makwabtanmu Larabawa kan aiko, sai a ga an ninka ma'aunin tun kafin azahar. Mai ciwon suga ya sani cewa cewa "na gode, na ƙoshi" ba rashin ladabi ba ne, mai gida kuma ya daina matsa wa baƙon da ya ƙi ƙari. Idan yaro ya kamu da zawo, a tafasa ruwa lita ɗaya, a bar shi ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a isa gidan likita.

Mainama da ragon layya

Da magariba hayaƙin gashi kan tashi a bakin titunan Tam, kuma abin da ake gasawa yana da sunan da kowane Bahaushe zai ji ya yi murmushi. Mutanen garin sun ari sunan mai sana'ar sun laƙaba wa abincin, suna kiran gasasshen naman nan mai yaji da albasa "mainama". Baƙin da ke zuwa daga arewacin Aljeriya sukan tambaye shi da wannan suna. Ragunan kuwa galibi irin da ake kira sidawun ne, masu gashi maimakon ulu da dogayen ƙafafu kamar na gida, da yawansu ta hanyar cinikin musaya suke shigowa: dabino ya gangara kudu, dabbobi su hauro arewa.

Da yake mu ne aka sani da nama a garin, mu ya kamata mu fi kowa sanin haƙƙinsa. Na farko shi ne hanta da huhu. Kowace Babbar Sallah ma'aikatar lafiya ta Aljeriya takan yi gargaɗi a kan wasu ƙulle-ƙullen ruwa masu kama da ƙwai da ake gani a hantar rago ko huhunsa, waɗanda likitoci ke kira kist idatik. Mutane da yawa kan yanke wurin su jefar bayan gida, kuma nan ne cutar ke samun ƙofa. Kare ya ci, tsutsa ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito cikin kashinsa su gauraya da ƙasa da ruwa da ganye. Yaro ya yi wasa a ƙasar ya kai hannu baki, sai ƙullin ya fara girma a hantarsa ko huhunsa a hankali, shekaru ba a sani ba, har ya kai ga fiɗa. Maganin abin yana hannun mai yanka: a ƙone sashen da ya lalace, ko a binne shi da zurfin da kare ba zai tono ba. Wanda ya yi shakka ya nuna wa likitan dabbobi, domin akan tanade su a ranakun Sallah saboda wannan.

Na biyu shi ne zafi. A Sallar 2016 da ta 2017, waɗanda suka faɗo cikin Satumba, iyalai da dama a Aljeriya sun wayi gari namansu ya koma kore yana wari, aka ɗora laifin a kan kayan ƙiwatarwa da ake ɗura wa dabbobi da kuma rashin adana nama yadda ya kamata. Dafaffen nama bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, in zafi ya tsananta kuma awa ɗaya. Wanda yake da firji ya yanka ƙanana ya rarraba cikin leda, kada ya cusa cinya sukutum ya cika shi har iska ta kasa zagayawa. Wanda ba shi da shi yana da dabarar kakanni: soye har ruwan ya ƙone, ko dambu, ko kilishi, kuma busasshiyar iskar Tam ta fi ta ko'ina iya shanya, muddin an kare naman daga ƙuda da ƙura. Wuƙa ma tana da nata haƙƙin, domin ɗakunan gaggawa kan cika da masu yankan hannu a safiyar Sallah. Wanda bai iya fiɗa ba ya kira mahauci, yara kuma a nisanta su da wuƙaƙe da garwashi.

Na uku shi ne ciki. Masana ciwon daji suna ba da shawarar kada jan naman da mutum ke ci a mako ya wuce rabin kilo dafaffe, mu kuwa mukan cinye haka a zama ɗaya, mu bi da langaɓu da dare, mu karya da soye da safe. Gishirin da jiki ke buƙata a yini bai kai ƙaramin cokali ɗaya ba, a haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi da yaji. Mai hawan jini ya kula da wannan, ya kuma sayi maganinsa tun kafin a shiga hutu, ya san wane farmasi ne ke gadi. Rabon naman da malamai suka kwaɗaitar, a ci, a yi kyauta, a yi sadaka, yana da lada, yana kuma rage wa tukunyar gida nauyin da zai koma kan jikin masu gida.

Sanyin da ke kisa ba da ƙara ba

Baƙon da ya zo Tam a watan Janairu da rigar shan iska yakan sha mamaki. Rana na faɗuwa sanyi ke saukowa daga duwatsu, wani dare har ya kusa daskarar da ruwa. Sai a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma, a kunna murhun gas ko a shigo da kaskon gawayi, a kwanta. Wutar da ke ci cikin ɗakin da iska ba ta shiga tana fitar da wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Kowane hunturu jami'an agajin gaggawa na Aljeriya sukan sanar da iyalan da aka tarar sun mutu cikin barci ta wannan hanya, kuma saboda yawan abin ne daga 2023 kamfanin Sonelgaz ya fara sanya wa gidaje na'urar da ke kuka in gubar ta taru.

Lokacin hutu hatsarin ya fi yawa, domin ɗaki ya cika da baƙi, hira ta yi tsawo, garwashin shayi bai mutu ba har aka yi barci. Alamar ita ce mutanen ɗaki ɗaya su kamu da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda. In an ga haka a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a kira lamba 14. Kafin a kai ga haka kuwa, kada kasko ya kwana a ɗaki, kada a toshe kafar iska. Bargo biyu sun fi murhu ɗaya aminci.

Hanyar gida

Babu abin da ke jan zuciyar baƙo kamar yin Sallah a gida, kuma dogon hutu ne lokacin da iyaye kan so kai yara su ga kakanni. Amma hanyar da ta haɗa Tam da ƙasar Hausa ba ta da wasa. A watan Oktoba 2013, watan da aka yi Babbar Sallar shekarar, an tsinci gawawwakin mutum 92 a cikin sahara tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram, Tamanrasset suka nufa, motocinsu suka lalace a kan ɓarauniyar hanya, ƙishirwa ta gama da su. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Allah Ya jiƙansu da rahama. 'Yan'uwanmu ne, harshenmu suke yi, kuma haƙƙinsu a kanmu shi ne kada mu bari a maimaita.

Saboda haka wanda zai tafi ya bi hanyar da aka sani, da takardunsa a hannu, ya tambayi halin iyaka kafin ya tashi domin yakan sauya. Ya ɗauki ruwan da zai ishe shi ninki biyu na kwanakin tafiyar, nasa na kansa, kada ya dogara da na direba. Ya sanar da wani a Tam da wani a can ranar tashinsa da ranar da ake sa ran isarsa. In mota ta lalace a zauna kusa da ita, a yi inuwa, domin mai nema ya fi saurin ganin mota a kan mutum. Wanda kuwa bai sami hali ba, ya haƙura ya yi Sallarsa a inda yake. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai wani hatsarin da ke jira a can gida, wanda iyaye da yawa ba su lura da shi. Dogon hutu yana faɗowa daidai da damina, lokacin sauro. A watan Mayu 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaidi Aljeriya da kawar da zazzaɓin cizon sauro, ma'ana yaron da aka haifa a Tam ya tashi jikinsa bai san cutar ba, ba shi da irin juriyar da 'yan'uwansa na Matamai ko Tasawa suka samu. Babban da ya yi shekaru bai je gida ba shi ma tasa juriyar ta ragu. Zazzaɓin da ɗan gari zai kwanta da shi kwana biyu ya tashi yana iya kai ɗan hutu ga suma. A ga likita kafin tafiya a nemi maganin kariya, a sa gidan sauro cikin kaya tun kafin tsaraba, a kwana cikinsa kowane dare. Bayan an dawo, duk zazzaɓin da ya taso cikin makonnin farko a kai shi gwajin jini a ranar, a kuma gaya wa likita ƙarara cewa daga kudu aka dawo. A watan Satumba 2024 an sami ɓarkewar wannan zazzaɓi tare da mashaƙo a yankunan iyakar kudancin Aljeriya, har sai da aka turo likitoci da magunguna daga Alje. Mashaƙo kuwa allura ce ke hana shi, don haka a duba katin riga-kafin kowane yaro kafin a ɗaure kaya.

Gajiyar da ba a gani

Idan muka ce hutu, mu tambayi kanmu wa ke hutawa. A yawancin gidajenmu uwar gida takan fara aikin Sallah kwana uku kafin ranar, ta tashi kafin asuba, ta wuni a bakin murhu tana suya da wanke kayan ciki da tarbar baƙi, ta kwanta bayan kowa. Wata tana da ciki, wata tana goyo, kuma a nan baƙunta babu ƙanne da 'yan'uwan da kan kama mata a gida. Ya ku magidanta, ɗaukar tsintsiya ko riƙe yaro awa biyu don ta runtsa bai taɓa rage wa namiji girma ba. Samarin gida su ɗauki wanke-wanke da ɗiban kaya. Makwabta mata su haɗa suya, yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai, kuma daren Sallah bai soke wannan buƙata ba.

Sai bashi. Tsadar raguna ta kai matsayin da a 2025 gwamnatin Aljeriya ta shigo da su daga Romaniya da Sifen tana sayarwa a kan dinari 40,000. A mazhabar Malikiyya, wadda mu da mutanen wannan ƙasa muke bi, layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗinta ba zai tauye masa buƙatun gidansa ba. Wanda ya ci bashin rago don kada makwabta su yi magana ya sayi kwana uku na fita kunya da wata shida na rashin barci, kuma damuwar bashi tana hawar da jini kamar yadda gishiri ke yi. Haka dinkin yara da tsaraba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai kuma samarinmu masu aikin gini da dako da gadi, waɗanda ke kwana su biyar ko shida a ɗaki guda. Sallah na matsowa waya ke yawaita daga gida, kowa da buƙatarsa, sai yaro ya aika duk abin da ya tara, ya yi bikinsa da burodi da shayi, yana cewa lafiya lau. Taimakon iyaye wajibi ne, amma faɗa musu gaskiyar abin da ake samu yana cikin biyayya, domin babu uwar da ke son kuɗin da ya kwantar da ɗanta. Wasu cikinsu takardunsu ba su cika ba, tsoron kamu yana hana su fita ko da ciwo ya ci ƙarfinsu. Zumunci a ƙafa yake. Kowane gida mai hali ya kira mutum biyu ko uku su ci tare da shi. In muka ga wani ya daina ci, ya daina barci, ya janye daga mutane sama da mako biyu, kada mu tsaya ga cewa ya yi haƙuri. Mu zauna mu saurare shi, mu raka shi wurin likita, domin ciwon rai ciwo ne, yana kuma da magani.

Hawa Assekrem

Tam tana da abin da za ta ba wanda ke neman hutu na gaskiya. Kimanin kilomita 80 arewa da gari, ta hanyar duwatsu mai cin awoyi a mota mai ƙarfi, akwai tudun Assekrem, sama da mita 2,700. A kan hanya akan ratsa kusa da Afilal, tafkunan dutse da ba su ƙafewa, har da ƙananan kifaye a tsakiyar sahara. A can sama akwai ɗakin dutsen da Foucauld ya gina a 1911, shekara biyar kafin a kashe shi a cikin gari, da kuma tashar da masana ke auna iska saboda tsabtarta. Daga wurin ana hangen Tahat, dutsen da ya fi kowane tsawo a Aljeriya, sama da mita 2,900. A ƙarshen Disamba mutane kan zo daga arewa su kwana don su ga fitowar rana, lokacin da kawunan duwatsu ke fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin duhu, babu ƙarar komai sai iska. Mu da muke zaune a gindin wurin, da yawanmu ba mu taɓa hawa ba. Wanda zai je ya tafi da jagora da kayan sanyi masu kauri, mai ciwon zuciya ko na numfashi kuma ya fara shawartar likita, domin iskar can sama ba ta da kauri.

Wanda bai da halin Assekrem yana da abin da mutanen gari kan yi ranar Juma'a da la'asar: a fita bayan gari da tabarma da buta, a zauna ƙarƙashin kandili, a gasa tagella cikin toka da yashi, yara su yi gudu, manya su taka da ƙafa. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a zauna ko a kwana a tsakiyar kwari a watannin Agusta da Satumba, domin ruwa kan sauka a duwatsu alhali sama tana garau a gari, ambaliya ta iso ba sallama. A kuma kakkaɓe takalmi da tabarma saboda kunama. In ta harbi wani kada a tsaga ko a tsotsa, a garzaya da shi gidan likita, musamman in yaro ne.

Ya 'yan'uwa, nesa muka baro gida don neman abin rufin asiri, kuma jarin kowane ɗayanmu a wannan gari jikinsa ne. Wanda ya kwanta ciwo a baƙunta, gidaje biyu ne suka kwanta, na nan da na can. Jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa, lafiya kuma uwar jiki ce. Mu auna ruwanmu da namanmu da kuɗinmu da barcinmu kamar yadda mutanen Ahaggar ke auna salkarsu, mu kuma duba na kusa da mu. Allah Ya maimaita mana Sallah cikin ƙoshin lafiya, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.